Garin da ya faɗa ruwa

Shanga

Ana sallame asuba na fito, ni da ko kasuwa ba na zuwa sai dole. Autata Hauwa ce sanadi. Tana aure a Tungar Jimma, bakin tabkin Kainji, jaririnta har ya fara zama, masu rigakafi ba su taɓa leƙa su ba.

Muna da zaure a waya, mu mutanen ƙasar Yawuri, inda ake ɗora bayanan gwamnati kan taswira, kowa ya duba asibiti ko rijiyar garinsu ya faɗi in daidai ne. Ni dai murya nake turawa. Malama Rabi mai kula da zauren ta ce ɗigon Tungar Jimma tsakiyar ruwa yake, masu rigakafi kuwa taswira suke bi. Ba gyara sai wani ya je ya tsaya cikin garin ya ɗauko wurin da waya.

Yelwa

Shinge biyu muka wuce, ba a sauke kowa ba. A tasha na canja mota. Direba ya ce, "Inna, kifi za ki saro?"

"Gari za ni tsamowa daga ruwa."

"To ki biya kuɗin kaya tun yanzu."

Wara

Da azahar muka iso. Na ci tuwon shinkafa da miyar kifi, gishiri ya ɗan yi yawa, sannan na shiga jirgi mai inji. Mun yi nisa, sai mai jirgi ya kashe inji kusa da wani kututture da ya leƙo daga ruwa. Kowa ya zaro waya.

"Lafiya?"

"Nan sabis yake, Inna. Mai kira ya kira, gaba babu. Ko ma'aikacin da ya zo rubuta garin, nan na tsaya mai ya danna abinsa."

Na duba taswira. Ga mu daram kan ɗigon Tungar Jimma.

Tungar Jimma

Yaro lafiya lau, sai ƙiba. Na tsaya gindin tsamiyar ƙofar gida na ɗaga waya, don Malama Rabi ta ce tana riƙe wuri ko babu sabis. Surukina ya durƙusa can nesa, kai a ƙasa.

"Inna, nan ba ta aiki. A kai ki kututture ki ɗauka."

"Haka aka nutsar da ku tun farko."

Na ɗauka, na kwana. Washegari, da jirgi ya tsaya kututture, na tura.

Gida

Da magariba na iso, ƙafafu sun kumbura. Malama Rabi ta ce an gyara, ta kuma miƙa wa ofishin lafiya.

Bayan ɗan lokaci Hauwa ta kira, iskar tabki na buga wayar.

"Inna, sun zo. Sun yi mai a cinya, tun ɗazu yake tsala ihu."

Na ce ta matso da shi in ji. Na ji kuwa. Godiya ga Allah, da ƴan zaure, da mai jirgi.