Man Gyaɗa a Ƙofar Mota

Mota ɗaya na taɓa mallaka a duniya, ita ma ba ta bar ni da mutunci ba. Tsohuwa ce. In aka buɗe ƙofar gaba sai ta tsala kuka kamar akuya a hannun mahauci.

Tun da na auri ɗiyarsa, surukina bai taɓa ɗaukata mutum ba. Kwatsam ya aiko, wai in kai shi ɗaurin aure Kankiya daga Kusada. Na ce to, ga ranar da zai san ɗiyarsa ba ta faɗa rijiya ba. Ƙofar nan kawai zan rufe wa baki.

Makanike ya ce, "Maigida, giris za ka sa."

Na ce, "Kai da ka gyara mini birki sau uku? Riƙe shawararka."

Baƙin mai zai ɓata wa tsoho farar riga. Matata ta ce man shanu, na ce rana na bugunsa mota ta koma ruga. Sai na ɗauko kwalbar man gyaɗarta na tuttula a inda ƙofar ke juyawa, har yana ɗiga gefen kujera. Na ajiye motar gindin bishiyar bedi kwana biyu.

Ranar tafiya na durƙusa na gaishe shi, na buɗe ƙofa. Tsit. Ya shiga.

Ba mu bar gari ba na hango su ta wutsiyar ido. Cinnaku ne, sun biyo ƙanshin mai, layi guda daga ƙofa zuwa ƙafar wandonsa.

To ka faɗa mini, da wane baki mutum zai ce wa surukinsa akwai abu a wandonsa? Shi kuma ba zai yi susa gabana ba, ko za a yanka shi. Sai ya hau jan carbi da sauri, yana muskutawa, gumi na bin gemunsa.

Na ce, "Baba, lafiya dai?"

Ya ce, "Lafiya lau. Taka motar da sauri."

Haka muka je Kankiya, kowa na kallon titi. Ban gama tsayawa ba ya dire, ya fizgi butar wani ya yi bayan masallaci. Acaba ya hau ya koma gida.

Washegari ya aiko wa matata: mijinta na da ladabi, ba shakka, amma kada ya ƙara zuwa ɗaukarsa.