Haihuwar da Aka Rubuta wa Ummukulthum

Duk mai shiga kasuwar Gwandu ya san Ummukulthum mai daddawa. Daga Dalijan take zuwa, kuma ba ta da sauƙin ciniki, in ka taya da wulaƙanci sai ta rufe ƙwaryarta ta kau da kai. Tun da mijinta Siddiƙu ya rasu, shekara huɗu ke nan, manema biyu suka zo ta sallame su. Ba ta da dukiya, amma babu wanda ya taɓa jin an ambaci sunanta da wani abu mara daɗi, kuma da wannan take taƙama.

Hawan jini ne ya kai ta wani asibitin kuɗi a Kalgo, inda 'yarta take aure. Can aka yi mata katin inshorar lafiya. Mai asibitin, mutum mai zaƙin baki, ya ce ta bar katin a wurinsa don kada ya ɓata, ya kuma miƙo mata fararen takardu ta dangwala yatsa. Zuciyarta ta gaya mata akwai lauje cikin naɗi, amma da ta ga maganin wata uku a leda, sai ta dangwala.

Rannan da hantsi wani ma'aikacin bincike na hukumar inshorar lafiya mai suna Mujtaba ya yi sallama a ƙofar gidan. Ya ƙware a takarda, amma wayon zama da mutane bai ishe shi ba. A zaure, gaban yayan marigayi da dattawan da ke hira, ya buɗe fayil ya tambayi lafiyar jaririn da aka ciro wa Ummukulthum ta hanyar tiyata bara.

Kafin azahar maganar ta zaga Dalijan. Masu lissafi suka tuna cewa bara ta yi wata biyu a Kalgo. Jinyar 'yarta ta je, amma wa ya tsaya tambaya? Ta shige ɗaki, kunya ta hana ta ko leƙa tsakar gida. Abin da ya fi cin ranta shi ne da yatsanta aka yi mata wannan ƙazafi.

Mujtaba ya dawo yana ba da haƙuri, ya ce asibitin ake tuhuma da rubuta haihuwar ƙarya da katinta don ya karɓi kuɗin inshora, ba ita ba. Sai dai hanyar wanke ta ɗaya ce: ma'aikaciyar jinya ta duba cikinta, ta shaida babu ɗinki. Babban ɗanta Lukuman ya ɗauke ta a babur har asibitin gwamnati na Kalgo, yana ta zagin masu tsegumi a hanya. Ta ji sanyi a ranta.

Ta kwance zane gaban ma'aikaciyar jinyar, yarinyar da ba ta kai 'yarta ba, idonta a rufe. Aka gama, ma'aikaciyar ta fita. Tana ɗaura zane ta ji muryar Lukuman a bayan labule, ƙasa-ƙasa.

"Malama, don Allah, kin dai duba da kyau? Babu komi?"

Aka ce masa babu. Ta ji ajiyar zuciyar da ya yi.

Da suka fito ya tayar da babur, ya ce, "Inna, ni dama na san ƙarya ta."

Ta hau. Har suka isa Dalijan ba ta dafa kafaɗarsa ba, ƙarfen baya ta riƙe.