Bel ɗin Injin Zarto Ya Kama Mini Riga

Jama'a, yau saura kaɗan in rasa hannun da na koyi rubutu da shi!

Kun san ina neman injin zarto mai siririn ƙarfen nan da ke yanka zane a katako, don in yanko wa ajinmu na yaƙi da jahilci haruffa. Ana saukowa Juma'a na taso daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma, shagon Alhaji Sule mai injuna. Ko babbar riga ban tuɓe ba.

Biyu ya nuna mini, ƙarami rufaffe da wani tsoho babba mai bel a waje.

Ya ce, "Malam Idi, babban ne na maza. Gwada ka gani."

Ya kunna a bango. Na aza katako, na fara bin zanen harafin farko na sunana. Sai na ji an fizge ni. Bel ya kama hannun rigata yana naɗewa, yana jan hannun damana.

"Alhaji, kashe!"

"Tuɓe rigar, Malam!"

"Ta ina zan tuɓe?"

Garin sauri Alhaji ya ture tulin katako, ya rufe makunnin. Yatsuna sun fara jin zafin bel. Sai ɗif, aka ɗauke wuta, injin ya tsaya.

Da almakashi aka raba ni da rigar. Alhaji yana share zufa ya ce, "To, wanne za ka ɗauka?"

Na ce, "Ɗaure mini wanda ba na mazan ba a babur."