Doksun Mai Ɗaga Gidaje

Yayana Doksun sana'arsa ɗaga gidaje. Ƙauyenmu yana can arewacin duniya mai tsananin sanyi, gabas da kogin Lena, gidajenmu na katako ne, a kan ƙasar da tun zamanin kakanni cikinta a daskare yake. Da ta fara narkewa, sai gidaje suka shiga karkacewa, kowanne ya nufi inda ya ga dama. Doksun ya samo jak biyu na babbar mota. Sai ya rarrafa ƙarƙashin gida, ya ɗaga, ya cusa gungume, a ba shi shayi da yankakken daskararren kifi, ya tafi. Baɗi gidan ya sake kwantawa, a sake kiransa. Ni ne mai miƙa masa gungume, kuma gidana ya fi na kowa karkacewa, har matata ta daina cika mini kwanon miya don kada ta zube.

'Yarsa Nariyana ta yi karatu a birnin Yakutsk, ta sami aiki inda ake bin zafin ƙasa da tauraron ɗan'adam. Da ta zo hutu ta ce tauraron kullum yana ratsawa ta kan ƙauyenmu.

"Yana ganinmu ke nan?" in ji Doksun.

"Zafin ƙasa yake aunawa, Baba."

Mu dai abin da muka ji shi ne ana kallonmu daga sama. Nan da nan ƙauye ya ɗauki shara. Doksun ya shafe rufinsa da shuɗin fenti. Ni na ja mataccen babur ɗina na ɓoye a garken shanu. Maƙwabciyata tsohuwa Motrena ta daina shanya kamfai a waje.

Da Nariyana ta dawo da taswira a kwamfutarta, muka cika ɗakin Doksun. Har rigar biki na sa.

"To, nuna mini rufina," in ji shi.

Ta ɗora yatsa a kan wani ɗan ɗigo ja. "Wannan shi ne ƙauyen gaba ɗaya, har da tafki da makabarta."

"Fentin fa?"

"Ko zinare ka shafa, Baba, ba zai fito ba."

Sai ta nuna mana shekarun baya a jere, ɗigon namu yana tashi daga fari zuwa rawaya zuwa ja, alamar ƙasa tana ƙara ɗumi. Ta ce ƙasar da muke kai rabinta ƙanƙara ce, in ta narke tafki za ta zama. Tudun bayan gari kuwa tsakuwa ce, ba zai lotsa ba.

Na gyara zama na ce, "'Yata, abin da bai iya ganin rufin gida ba, shi zai faɗa mana abin da ke ƙarƙashinsa?"

Ɗaki ya ɗauki dariya, ni kuwa sai hura hanci nake.

"Baffa, kai da kujerarka take tafiya da kai ita kaɗai?" in ji ta.

Doksun bai yi dariya ba. Ya ce gumaguman da ya cusa bara, bana ya nema ya rasa, ƙasa ta haɗiye.

Da sanyi ya kama, hanya ta yi tauri, ya ɗora gidansa a kan dogayen itatuwa, tarakta ta ja shi zuwa tudu, matarsa na ciki tana rungume da kofuna tana zaginsa ta taga. Mu muka bi a baya muna yi masa tsiya, wai iska za ta kai shi teku.

Da zafi ya dawo, ruwa ya cika ramin ƙanƙarar da nake ajiyar abinci, naman dokin da na tanada ya ruɓe, ƙofata ta ƙi rufuwa. Gida bayan gida aka riƙa hawa tudu. Doksun ya ci gaba da saukowa yana ɗaga na waɗanda suka rage, bai taɓa yi wa kowa gori ba, har ciwon baya ya hana shi, ya koma gyaran ragar kifi a zaune.

Bana na je neman fili a tudun. Wanda ya rage shi ne na kusa da juji. Matata ta dube shi, ta dube ni, ta ce a kira mai tarakta.