Takardar Farauta don Ziyarar Kabarin Mahaifina

Tamale, Litinin

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar zango, ni da Baba Alasan, abokin fataucin mahaifina. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka binne shi a daji, arewa da Larabanga, inda ciwo ya kayar da shi a hanyar goro. Mma, mahaifiyata, ta matsa in je ya nuna mini kabarin in jera duwatsu tun idon tsohon na gani. To, Turawa sun shata dajin, wai sun bar wa namun daji. Kwana uku ina zarya ofishinsu kafin akawu ya ce takardar shiga iri ɗaya ce tal, ta farauta. Na karɓa raina a ɓace.

Yapei

Mil talatin a bayan lori, kan buhunan gishiri. Mun iso bakin kogi ƙarfe takwas, amma jirgin fito bai ɗauke mu ba sai azahar, don ana jiran motar wani Bature. Direba ya ce, "Malam, ka sha koko, Masa, wato Baturen, bai tashi barci ba." Da magariba muka shiga Damongo, wani mahauci ya sauke mu, ya ba mu tuwon zafi da miyar ayoyo.

Bakin daji, Talata

Mil goma a ƙasa zuwa Larabanga, sannan muka ƙara gaba. Ƙafafun Baba suka kumbura, amma ya ci gaba da takawa. A bakin iyaka wani mai gadi cikin kaki ya juya takardata.

"Ina bindiga?"

"Ba farauta na zo ba, ɗan'uwa. Kabarin ubana ne a ciki."

"Takarda ya ce mafarauci. In babu bindiga, Masa zai kore ni."

Na ce zan aro a gari. Ya ce sai wadda aka rubuta lambarta a Tamale. Wanda ya zo kisa a buɗe masa hanya, wanda ya zo addu'a a tare shi! Na roƙa, na yi faɗa, na sake roƙo, mutumin nan ko gezau.

Baba ya dafa kafaɗata, ya nuna wani tudu can nesa. "Bayansa akwai rafi, da tsamiya biyu. Ko uku ne? In na taka wurin zan gane, ɗana. Daga nan ba zan iya ba."

Nan muka tsaya muka karanta Fatiha, muka juya.

Gida, Alhamis

Mun iso da la'asar, alhamdu lillahi. Direba da mahaucin Damongo, Allah ya saka musu da alheri. Mai gadi da iyayen gidansa kuwa, na bar su da Allah.

Washegari ni da ban taɓa yanka kaza ba na shiga neman bindiga mai lamba. Baba Alasan ya aiko a kira ni. Na same shi kwance, ƙafafu a kan matashi.

"Bar wahalar da kanka," in ji shi. "Ƙafar nan ta gama tafiya. Ka ce wa Mmanka ta yafe mini."