Dangwalin da Malam Namadi Bai Mayar Ba

Malam Namadi ya koyar da labarin ƙasa shekara ashirin da shida a firamaren Tungar Ango, wani ƙauye yamma da Bagudo, tafiyar hantsi ɗaya zuwa Dahome, ƙasar da yanzu ake kira Benin. Ni ma ta hannunsa na bi. Gajere ne mai saurin tafiya, kullum da laka a bakin rigarsa, don shi ba a allo yake koyarwa ba.

A bayan aji, ƙarƙashin tsamiya, ya gina taswirar yankinmu a ƙasa. Ya yi tuddai da yumɓu, ya sa duwatsu a matsayin garuruwa, ya tona kwari ya ce Kwara ce. In ya tsiyaya ruwan buta daga sama, sai mu bi shi da ihu har ya wuce Bagudo ya nufi Yawuri. Ƙarshen kowane darasi yakan tafa hannu ya ce, "Kowa shi tai gida!" Sai kowane yaro ya ruga ya tsaya daidai inda gidansu yake a taswirar. Wanda ya tsaya cikin kogi, Malam ya ce, "Ashe kifi munka ɗauka makaranta!"

Iyaka kam babu ita a taswirarsa. Ba wai ɓoye ta ya yi ba. Mutanenmu na noma can su kwana nan, su ci kasuwa nan su yi jana'iza can, bai taɓa ganin abin zanawa ba.

Shekara guda bayan samun 'yancin kai aka aiko da sabuwar taswira ta takarda, da jan layi tsakanin Najeriya da Dahome, aka kuma ce mai duba makarantu na tafe. Malam ya ji kunya a ce tasa ba ta cika ba. Ya tambayi wanda zai samo doguwar igiya. Atiku ya ɗaga hannu.

Atiku ɗan Ardo Sambo ne, shi ne na ɗaya a ajinmu na huɗu, saura wata biyu ya zauna jarrabawar zuwa Birnin Kebbi. Malam ya sha bin Ardo har ruga kafin ya yarda ya ba da yaron makaranta. Washegari Atiku ya zo da dangwalin mahaifinsa, igiyar nan mai madaukai da ake jera maruƙa a ɗaure su. Malam ya auna da takarda, ya shimfiɗa ta yamma da kogi, ya danne da duwatsu.

Mai duba makarantu ya zo, mutum mai fara'a. Ya ga ruwa na bin kwari, ya yi dariya, ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba. Daɗi ya kwashe Malam, ya tafa hannu kamar kullum.

"Kowa shi tai gida!"

Muka watse. Yara shida suka tsallake igiyar suka tsaya, Atiku a gaba, yana murmushi don ya san bai yi kuskure ko taki ɗaya ba.

Baƙon ya daina dariya. "Malam, waɗancan wasa suke yi?"

"A'a, ranka ya daɗe. Can ne gidajensu."

"To ai can wata ƙasa ce."

"Can rugar Ardo Sambo ta," in ji Malam. "Nononsu kash sha da safe."

Mutumin bai yi faɗa ba. Ya ce shi an umarce shi ya tabbatar 'yan ƙasa ne kaɗai a rajista, kuma abin da ya gani a gaban yara talatin ba zai ce bai gani ba. Bayan mako uku takarda ta zo, aka cire sunaye shida.

Malam ya hau kekensa zuwa Bagudo sau huɗu. A na ƙarshe aka ce masa in yaron na kwana a wannan ɓangare, a gidan wani ɗan ƙasa, za a duba. Ya dawo da murna, ya ce wa matarsa, Inna Batulu, ta share ɗakin zaure, ya naɗe dangwalin ya nufi ruga. Ardo ya saurare shi har ya gama.

"Moddibbo," ya ce, haka yake kiran Malam, "kai kaz zo ka roƙe ni ɗana. Na ba ka. Ka roƙi igiyata, na ba ka. Da ita kas shata iyaka, kac ce wa duniya shi baƙo ne. Yanzu kuma in ba ka shi shi kwana zaurenka, don shi zama ɗan gari?"

Malam ya miƙa igiyar. Ardo ya ce ya riƙe, ai aikin gwamnati take yi yanzu. Da kaka ta wuce, rugar ta tashi ta yi yamma, ba wanda ya san inda ta sauka.

Ni na ci jarrabawar, na tafi Birnin Kebbi, daga nan Zariya, daga nan har ƙetare. Da na dawo bayan shekara goma sha huɗu, na tarar Malam yana nan yana tsiyaya ruwan buta, amma yaran yanzu a tsaye suke kallo, a jere. Na tambayi ɗaya ko ana cewa kowa ya tafi gida, ya dube ni bai gane ba.

Malam bai tambaye ni komai game da ƙasashen da na gani ba. Ya ce, "Bunyaminu, kai da ka yi yawo, ba ka gamu da shi ba?" Inna Batulu ta gaya mini haka yake tambayar kowane mai shanu da ya ratso ta ƙauyen labarin Atiku, da Fulatancinsa mai tuntuɓe.

Ya rasu da damina, shekara biyar bayan haka. Da na je gaisuwa, Inna Batulu ta nuna mini dangwalin rataye a ɗakin zauren da ta share tun wancan lokaci. Ta ce ba a sa shi cikin gado ba, don Malam ya bar wasiyya cewa kayan aro ne. Ta tambaye ni wa za ta ba. Na ce ta bar shi inda yake.