Duwatsun da Labo Ya Kai Funtuwa

Labo taubashina ne, ɗan kawuna, kuma tun muna yara a Gozaki ban taɓa ɗaga masa ƙafa ba. Gajere ne, ga ƙaton kai, ga tafiya kamar agwagwa. In na faɗa masa haka sai ya ce ai ke ma Bilki ba a taɓa yin layi don kallonki ba. Ya fi shekara talatin yana tuƙi tsakanin Kafur, Malumfashi da Funtuwa. Da a-kori-kura ya fara, ya ƙare da wata bas da ake ɗaure ƙofarta da igiya.

Amma ba tuƙin ne ya yi masa suna ba, saƙo ne. Mace ta ƙulla kuka da daddawa a kai wa 'yarta, manomi ya ba da irin masara, wani ya ba da wasiƙa, wani maganin shawara a gora. Labo ya karɓa, ya tambayi sunan mai shi da unguwarsu, shi ke nan. Ba ya latsawa, ba ya shinshinawa, ba ya tambayar abin da ke ciki. Cewa yake wanda ya ƙulle abu ba don idon direba ya ƙulle ba. Wallahi ina kewar lokacin nan, da za ka ba mutum sirrinka a ƙulle ka koma gida hankali kwance.

Wata shekara, bayan babbar salla, shaiɗancin taubasantaka ya motsa mini. Na tsinto duwatsu a bakin rafi, na cika kwalla, na ɗaure da tsohon zane, na ce ya kai wa Goggo Kulu a Funtuwa. Lungunsu mota ba ta shiga, don haka a ka ya ɗora, ya taka da rana tsaka yana gumi. Goggo ta kwance ƙullin a gabansa tana shi mini albarka, ta ɗauka soyayyen nama ne. Kafin la'asar labari ya gama tasha. Shekara ashirin ana kiransa Labo Mai Duwatsu, shi kuwa ko a jikinsa, cewa yake ko gobe na ba shi zai kai.

Shekara uku ke nan, ana tsakiyar girbin masara, wani saurayi tsaf-tsaf ya same shi a tashar Malumfashi. Har ƙasa ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce buhu biyu ne na waken suya za a kai wa tsohuwarsa a Funtuwa, ga lambar waya a jikin buhun. Kafin su kai Bakori jami'an da ke kama masu fataucin ƙwaya suka tsayar da su, suka farke buhu. Wake a sama, kwalayen ƙwaya a ƙasa. Labo ya ce a sallami fasinja, ba ruwansu, shi aka ba saƙo. Aka kira lambar, a kashe. Aka wuce da shi Katsina.

Masu ba da shawara kuwa ba su ƙarewa. Suka ce ya amsa laifi kawai, alƙali zai sassauta, gara 'yan shekaru da ya ruɓe can a gidan yari. Labo ya ce shi bai sani ba, kuma ba zai ce ya sani ba. Ni kaina na zage shi a raina, na ce ƙaton kan nan ashe taurinsa ya fi girmansa.

Sai ga wata lauya, Nana Khadija, 'yar Kafur. Ashe lokacin da take makarantar kwana Labo ne mai kai mata gari da ƙuli-ƙuli. Ta tara mu ta yi mana bayani da Hausa, ba da Turancinsu ba. Ta ce babu gardama an sami ƙwaya a motarsa, abin da shari'ar ta rataya a kai shi ne ko ya san tana ciki. Lauyan gwamnati zai ce babu mai hankalin da zai ɗauki kaya bai duba ba. Aikinmu mu nuna wa kotu cewa akwai, kuma ga shi nan. Ta samo 'yan kamasho biyu da suka ga saurayin yana lodi. Ta samo Iliya, wani Bamaguje daga ƙauyukanmu da ya shekara goma sha yana aika hatsi ta hannun Labo. A bakinsa ta ji zancen duwatsu, washegari sai ga ta a tsakar gidana.

Na ce Allah ya kiyaye, da jikokina zan je gaban alƙali in ce na yi wasan yara? Ta ce, "Hajiya, in ba ki je ba, kawunki zai iya rasuwa ɗansa yana ɗaure." Na tashi na nemo mayafi.

Ranar shari'a na gan shi a akwatin kotu. Ya rame, ya yi furfura, kan nan ya ƙara fitowa, amma bakina ya kasa tsokana. Na yi rantsuwa, na ba da labari tun daga bakin rafi, tafinta yana juyawa yana danne dariya. Lauyan gwamnati ya miƙe ya tambaye ni ko ina nufin mutum ya ɗauki duwatsu a ka bai ji suna ƙara ba.

Na ce, "Ya ji mana, ranka ya daɗe. Ba nasa ba ne, shi ya sa bai buɗe ba."

Alƙali ya daɗe yana rubutu. Wata takwas cif Labo ya yi a tsare kafin a yanke hukunci, aka ce ba a tabbatar ya san abin da ke cikin buhun ba, aka sallame shi. Nana Khadija ta ce kada in yi ta fankama, ba duwatsuna kaɗai suka fid da shi ba. Na ce ta faɗa wa wani.

Da ya koma tasha, 'yata Raudatu ta haihu a Funtuwa. Na haɗa yajin jego da kanwa da 'yan riguna, na ɗaure a zane. Can ƙasa na tura wani ɗan dutse, don kawai a kwance a gani, labari ya dawo masa ya yi dariya irin ta da. Na iske shi jingine da bas, na ce ga saƙo nan, Mai Duwatsu. Bai miƙo hannu ba.

"Bilki, kwance in gani."

Na ɗauka wasa ne, na jira ya murmusa. Ya kau da kai yana kallon taya. Na tsuguna a ƙasa, gaban 'yan kamasho da masu rake, na kwance ƙullin da hannuna. Ya ɗaga riguna ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe yajin ya shinshina, ya ce in yi haƙuri, haka yake yi wa kowa yanzu. Ban ji haushinsa ba, tausayinsa ne ya kama ni, da namu gaba ɗaya.

Kafin hannunsa ya kai ƙasan zanen na lallaɓa na zare dutsen, na damƙe a tafina. Da shi na dawo gida.